Kafin A Sa Wa Yaro Ƙarfen Haƙori

'Ya'yana uku ne, kuma babu wanda ban zaunar a kujerar likitan haƙori ba a kan maganar jerin haƙoransa. Babban, wanda na fi tayar da hankali a kansa, ba a yi masa komai ba. Ta tsakiya ta yi sama da shekara biyu ana gyaran nata. Autan kuwa, wanda ban taɓa kawo wa raina akwai wani abu a bakinsa ba, shi likita ta ce kada a jira, a fara yana ɗan shekara takwas. Daga nan na fahimci cewa abin da idon uwa yake gani ya dame ta daban, abin da ke buƙatar gyara da wuri kuma daban. Ni ba likita ba ce, malamar makaranta ce, amma zaryar da na yi ta koya mini abubuwan da da na san su tun farko da na huta da fargaba, na kuma rage asara. Su nake so in faɗa miki.

Ki fara da sanin lokacin fitowar haƙora, don komai a kansa ya rataya. Haƙoran yarinta guda 20 ne. Wajen shekara shida ake fara famfara, na gaba na ƙasa su fara girgiɗi su faɗi, sannan na gaba na sama tsakanin shekara bakwai zuwa takwas. A daidai wannan lokaci akwai wani haƙori da ke fitowa shiru, can ƙurya, bayan turamen yarinta, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Shi ne turmin farko na girma, guda huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Iyaye da yawa suna ɗaukarsa haƙorin yarinta ne, idan ya yi kogo sai su ce ai zai faɗi wani ya fito. Ba zai faɗi ba, kuma babu mai maye gurbinsa. A kansa sauran haƙora suke jeruwa, da shi kuma likita yake gane yadda muƙamuƙin sama da na ƙasa suke haɗuwa. Fiƙoƙin sama su ne 'yan baya, sai wajen shekara 11 zuwa 12, turmi na biyu kuma wajen 12. Kafin nan bakin yaro gauraye yake, tsoho da sabo, manya da ƙanana, kuma ba kasafai yake da kyan gani ba.

Ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka tana ba da shawarar a kai yaro a duba shi kafin ya wuce shekara bakwai. Da na fara jin haka na ɗauka ana nufin a shekara bakwai ake sa ƙarfe, wato wayar da ake mannawa a haƙora don ta jera su. Ba haka ba ne. Dubawa ce kawai. A wannan shekarar turamen nan huɗu sun fito, na gaba sun fara fitowa, ƙashin fuska kuma yana kan girma, don haka idan akwai matsalar da ta shafi ƙashi ana iya tarar ta tun tana ɗanya. Yawancin yaran da aka duba a wannan shekara cewa za a yi a mayar da su gida, a dawo bayan wata shida ko shekara. Wannan amsar ma riba ce.

Dubawar da za ki yi a gida

Ki zaunar da yaron inda haske yake, da rana, bayan ya goge baki. Ki ce ya haɗiye yawu ya cije da haƙoransa na ƙurya, yadda yake yi idan yana tauna. Ki kula da wannan, domin yara idan aka ce su nuna haƙora sai su turo haɓa gaba su haɗa na gaba baki da baki, ki ga abin da ba shi ne ba. Sai ki ɗaga leɓɓansa ki duba ta gaba da ta gefe biyu.

A cizo mai lafiya, haƙoran sama suna rufe na ƙasa ta waje ko'ina, kamar yadda murfi yake zama a kan kwano. Na gaba na sama suna ɗan gaban na ƙasa da kamar milimita biyu zuwa uku, suna kuma rufe kaɗan daga tsawonsu. Idan kin ga wani haƙorin sama ya shige bayan na ƙasa, ko ɗaya ne, ki riƙe wannan. Abin da ya samu autana ke nan. Haƙorinsa na gaba guda ɗaya ya fito ta ciki, duk lokacin da ya cije sai ya maƙale bayan na ƙasa yana tura shi waje. Ni ban lura ba sam, don idan ya yi murmushi ba a gani. Likita ce ta nuna mini yadda dasashin haƙorin ƙasan ya fara janyewa saboda turin da ake yi masa kullum. Ba ƙarfe aka sa masa ba. Wani ɗan faranti ne na roba da ake sawa a ganɗa, mai ƙaramar waya a bayan haƙorin tana tura shi gaba a hankali. Cikin 'yan watanni ya tsallako inda ya kamata, aka cire.

Ki kuma sa shi ya buɗe baki ya rufe a hankali kina kallon haɓarsa. Idan tana tahowa daidai sai dab da rufewa ta goce gefe guda, yawanci muƙamuƙin sama ne ya yi ƙunci, yaron yana kauce wa karon haƙora ba tare da ya sani ba. Wannan ana gyara shi da wuri, da na'urar faɗaɗa ganɗa, tun ƙasusuwan ganɗar biyu ba su gama haɗewa ba. Haka nan yaron da haƙoransa na ƙasa gaba ɗaya suke gaban na sama, haɓa ta turo: shi ma kada a jira ya girma, don abin da ake iya yi wa muƙamuƙin sama ya fi kamawa kafin shekara goma. Idan akwai mai irin wannan haɓar a dangi, ki faɗa wa likita, abin yana bin jini.

Sai abu biyu da ba a gani sai an lissafa. Na farko, idan haƙorin gaba na sama ɗaya ya fito, ɗan'uwansa na ɗaya gefen ya yi wata shida bai biyo ba, a ɗauki hoto. Wani lokaci ƙarin haƙori ne a binne cikin ƙashi ya tare masa hanya. Na biyu, fiƙar sama. Idan yaro ya kai shekara goma zuwa sha ɗaya, ki sa yatsa a saman dasashinsa, can ƙarƙashin leɓe, sama da fiƙar yarinta. Ya kamata ki ji ɗan tudu, alamar sabuwar fiƙa tana tahowa. Idan kin ji a gefe ɗaya babu a ɗayan, ko babu duka, ki kai shi. Fiƙar da ta ɓata hanya tana iya cinye saiwar haƙorin da ke kusa da ita ba tare da yaro ya ji ciwo ko kaɗan ba, alhali idan an gano da wuri, sau da yawa cire fiƙar yarintar kawai yana sa ta dawo kan hanya.

Abin da ba ya buƙatar gaggawa

Babbana yana da shekara takwas haƙoransa na gaba suka fito manya-manya, sun buɗe kamar fiffike, da tazara a tsakani. Na ɗauke shi zuwa wani asibitin kuɗi, aka kalle shi minti biyu aka ce a sa ƙarfe a rufe, aka kuma rubuto mini kuɗi. Ba a ɗauki hoto ba. Allah Ya sa mahaifinsu ya ce mu ji ta bakin wani tukuna. Likita ta biyu ta ɗauki hoton baki gaba ɗaya, ta ɗora shi a haske ta nuna mini fiƙoƙin nan biyu can sama, kawunansu na danne da saiwoyin haƙoran gefe. Wannan dannewar ce take sa kawunan haƙoran gaba su baje. Ta ce idan fiƙoƙin suka sauko za su matse su wuri ɗaya da kansu, kuma idan aka ja haƙoran da ƙarfe a wannan lokaci ana iya tura saiwoyinsu kan fiƙoƙin a yi musu illa. Haka kuwa aka yi. Yana shekara goma sha biyu tazarar ta rufe, sai ɗan siririn layi. Kakarsa har ta yi ƙorafi, don ita tun farko cewa take yi a bar mata jikanta da wushiryarsa. Kuma tana da gaskiya ta wannan fuska: wushirya a wurinmu ado ce, idan cizo lafiya lau ne kuma mai ita yana sonta, babu dalilin rufe ta. Wadda take da faɗi sosai ce ake dubawa, don a tabbatar ba wani abu ne a tsakanin saiwoyin ba.

Haka idan kin ga sababbin haƙoran ƙasa sun fito ta bayan na yarinta, layi biyu. Yana tayar da hankali, amma galibi da na yarintar sun faɗi harshe yake turo su gaba. Ɗan cunkoso kaɗan a haƙoran gaba na ƙasa a shekara bakwai ko takwas shi ma a sa masa ido kawai.

Abin da za ki iya yi a waɗannan shekarun, wanda ya fi ƙarfe araha nesa ba kusa ba, shi ne ki kare turamen yarinta daga ruɓewa. Su suke riƙe wa na girma wuri har wajen shekara goma zuwa sha biyu. Idan aka cire ɗaya yaro yana da shekara biyar ko shida, na bayansa yakan zamo gaba ya cinye gurbin, sabon ya rasa inda zai fito sai ya ɓullo ta gefe. In cirewar ta zama dole, ki tambaya ko za a sa masa abin riƙe gurbi.

Labarin ta tsakiya

Ita tsotson babban yatsa ta yi har ta shiga shekara ta takwas. Mun shafa maɗaci, mun ɗaure hannu da safa da dare, abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne lallashi da takardar da muka liƙa a bango tana sa alama duk daren da ta yi ba tsotso. Yaron da ya bari kafin haƙoran girma su fito, yawanci bakinsa yana komawa daidai da kansa. Ita ta makara. Haƙoranta na sama suka fito zaƙo-zaƙo, leɓenta ba ya rufuwa sai ta matsa, na ƙasan yana kwanciya a bayan haƙoran. Da aka auna, tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa milimita takwas ce.

Wannan adadin yana da ma'ana. A Ingila, inda hukumar lafiya take yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 wannan gyara kyauta idan akwai buƙata ta gaske, suna da ma'auni mai hawa biyar. Hawa na ɗaya da na biyu ɗan karkace ne da bai shafi lafiya ba. Fitowar haƙoran gaba da ta wuce milimita shida tana hawa na huɗu, wadda ta wuce tara tana na biyar, tare da haƙorin da ya maƙale cikin ƙashi. Likitocinmu sun san wannan ma'auni, kuma za ki iya tambaya kai tsaye: a wane hawa ɗana yake? Amsar za ta taimake ki ki rarrabe tsakanin larura da kwalliya, musamman idan kuɗin da ke hannu na abu ɗaya ne.

Na so a fara mata nan take tana da shekara tara, don abu biyu suna damuna. Haƙoran da suka fito haka su suke fara karyewa idan yaro ya faɗi. Sannan 'yan ajinsu sun sa mata suna, har ta koma rufe baki da gefen hijabi idan za ta yi dariya. Likita ta yi mini bayani ba tare da ɓoye-ɓoye ba: idan aka fara yanzu za a yi gyaran ne zango biyu, kuma sakamakon ƙarshe kusan ɗaya ne da wanda aka jira aka yi a zango guda, sai dai farawa da wuri tana rage haɗarin karyewar haƙori, tana kuma iya sauƙaƙa wa yaron da tsokana ta hana shi sakewa. Ta bar mana zaɓi. Muka zauna da yarinyar, na je makaranta na yi magana da malamar ajinsu, tsokanar ta lafa, muka jira.

Aka fara tana da shekara goma sha ɗaya, daidai lokacin da ta soma miƙewa. Ba a banza aka zaɓi lokacin ba. Matsalarta har da muƙamuƙin ƙasa da ya zauna baya, kuma na'urar da ke turo shi gaba ta fi aiki a lokacin da yaro yake tsakiyar girma, wanda ga mata yakan zo wajen shekara 11 zuwa 12, ga maza kuma ya ɗan jinkirta zuwa 13 ko 14. Ta yi wata tara da na'urar da ake sawa ana cirewa, mai gida biyu, sama da ƙasa, sannan aka manna ƙarfen. Ga yawancin yara da cunkoso ne kawai matsalarsu, lokacin shi ne bayan haƙoran yarinta sun gama faɗuwa, tsakanin 11 zuwa 14, kuma gyaran yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Wanda ya wuce wannan shekarun ƙofa ba ta rufe masa ba, haƙori yana motsawa ko a bakin babba. Ƙashin muƙamuƙi ne ba ya jira.

Shekaru kaɗai ba su isa ba

Ranar da muka je da shirin a manna ƙarfen, likita ta taɓa dasashinta jini ya fito, sai ta ce mu koma gida mu dawo bayan wata biyu. Na ji ba daɗi a lokacin, yanzu kuwa ina gode mata. Ƙarfe yana tara ragowar abinci a kewayen kowane ɗan maɓalli da aka manna. Yaron da ba ya goge baki da kyau, ranar da aka cire zai ga fararen tabo zagaye da inda maɓallan suka zauna, farkon ruɓewa ke nan, kuma ba lalle su goge ba. Saboda haka ki gwada shi tun kafin ki biya ko kwabo: zai iya goge baki safe da dare, minti biyu cur, da buroshi da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa), wata biyu a jere ba tare da kin bi shi da faɗa ba? Asuwaki yana da kyau, amma ba ya shiga ƙarƙashin waya, sai an haɗa da ɗan siririn buroshin da ake zurawa tsakani. Duk haƙorin da ke da kogo kuma sai an cike shi tukuna.

Ki kuma tambaye shi ko yana so. Da gaske nake. Shi zai sha tsamin haƙora na kwana uku zuwa huɗu duk lokacin da aka ƙara ɗaure waya, shi zai bar shan rake, gwaguyar goriba, gasasshiyar masara a jikin totuwa, ƙuli-ƙuli, aya, busasshen dabino, cingam da alewa mai danƙo. Kilishi da tsire sai an yayyanka ƙanana an tura ƙurya. 'Yata ta ɓalle maɓalli biyu a wata na uku da ƙashin kaza a wurin biki, kowanne kuma sai da ya ƙara mana tafiya da kuɗi da lokaci. Na'urar cirewa kuwa, idan yaro ba ya so, a aljihun jakar makaranta za ta ƙare.

Sai zirga-zirga. Ana komawa duk bayan mako huɗu zuwa takwas. Idan kuna shirin kai shi makarantar kwana a wata jiha, ko za ku tashi daga garin, ku yi wannan lissafin tun yanzu. Ƙarfen da aka manna aka bari watanni ba mai dubawa gara ba a sa shi ba.

Wajen wa za a je

Ba kowane likitan haƙori ne ya ƙware a daidaita haƙora ba, karatu ne na wasu shekaru bayan digirin farko, kuma masu shi ba su da yawa a ƙasar nan, musamman a Arewa. Asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, wuri ne mai kyau na fara tambaya, ki nemi sashen haƙoran yara. Ko'ina kika je, kina da ikon tambayar ko likitan yana da rajista da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya, da kuma ko wannan ne fanninsa. Wanda ya san aikinsa ba zai manna komai ba sai ya ɗauki hoton baki gaba ɗaya, sau da yawa da na gefen kai, ya ɗauki awon haƙora, ya zaunar da ke ya yi miki bayani.

Ki tambaye shi me zai faru idan ba a yi komai ba, da me zai faru idan aka jira shekara guda. Ki tambaya ko za a cire lafiyayyun haƙora don a samu wuri. Wani lokaci hakan shi ne daidai, amma ki nemi dalili, in zuciyarki ba ta kwanta ba ki ji ta bakin likita na biyu, don wanda aka cire ba ya dawowa. Ki sa a rubuta miki kuɗin gaba ɗaya: hotuna, mannawa, zuwan wata-wata, gyaran abin da ya ɓalle, da abin riƙe haƙora da ake sawa bayan an cire ƙarfen, da kuma ko ana biya kashi-kashi. Idan yaron sikila ne, ko yana da ciwon zuciya, ki faɗa tun zuwan farko. Yaran sikila sukan samu fitowar muƙamuƙin sama, kuma akwai kulawar da ake ƙara musu. Wanda yake kwana baki buɗe yana minshari kullum, a kai shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro shi ma, don toshewar hanci tana shafar yadda baki yake zama.

Ina roƙonki da babbar murya a kan ƙarfen ado da ake tallatawa a Instagram da TikTok, wanda ake mannawa a shago ko a ɗaki. Waya ba ta san wasa ba, duk inda aka ɗaura ta sai ta ja haƙori. Haka 'yammatan da ke zagaye haƙoran gaba da ƙaramar roba don su rufe tazara. Robar tana zamewa ta shige ƙarƙashin dasashi, ta bi saiwa tana cin ƙashi, har haƙoran su yi girgiɗi su zube.

Surukata ta taɓa tambayata ko wannan ba canja halittar Allah ba ne, tunda hadisi ya yi hani ga masu goge haƙora su buɗa tsakaninsu don ado. Na kai tambayar Islamiyyarmu. Abin da malamai suke bambantawa shi ne gyaran aibi ko cuta da kuma sauya lafiyayyar halitta don ƙawa, suna kafa hujja da sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinariya. Yarinyar da ba ta iya rufe leɓenta, ba ta iya gatsar abu da haƙoran gaba, gyara take nema. Wannan ya kwantar wa Hajiya da hankali, har ita take raka ta wasu lokutan.

Ranar da aka cire ƙarfen ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ganin ta tsaya gaban madubin asibitin tana dariya hannunta a ƙasa. Amma likita ba ta bar mu mun tafi ba sai da ta miƙo wata 'yar roba mai haske da aka yi daidai da haƙoranta. Haƙora suna son komawa inda suka fito, musamman a shekarar farko, kuma suna ci gaba da motsi kaɗan-kaɗan muddin rai. Za ta riƙa sa robar nan kowane dare, ba a yanke ranar dainawa ba. Kada a wanke ta da ruwan zafi, tana lanƙwashewa, kada kuma a naɗe ta a takarda a ajiye gefen faranti, don haka ta farko ta bi shara a gidan kakarta da sallah, sai da muka biya aka yi wata cikin mako guda. Yanzu akwatinta yana kan taga kusa da buroshinta, kuma kafin in kashe fitilar ɗakinsu nakan ce ta buɗe baki in gani.